Yadda Muka Kai Inna Tsibiri Cikin Akuyar Kawu

Tun da muka dawo daga Tsibiri, ga shi har an sake yin wata damina, ba na zama a dandali ba tare da wani ya ce, "Lawali, wai da gaske motarku ta kori jandarma?" Wani kuma ya rantse an gaya masa da baya muka shiga Nijar. Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya fara ƙara kamar ƙyauren kwano. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata, za ni miƙa masa takarda in ci gaba da shan furata. Na ƙara gishiri nan da can, amma za ku gane wuraren.

Kawuna Nomau maƙerin amalanken shanu ne a Tsamaye. Duk amalanken da kuka ga ya ɗauki damman gero har ya rufe sama bai karye ba, nasa ne. Wata shekara sai ya ce shi ya gaji da ƙera abin da sa ke ja, mota zai yi. Ya samo injin wata tsohuwar a-kori-kura da ta mutu tun ina goye, ya sayo ƙarfen tayoyin gaba da sifirin a wurin masu gwangwan a Isa, kujeru kuwa bencin makaranta ne da ya karye aka yar. Bayanta ya ɗaga shi sama da manyan tayoyi da sifirin mai tauri, kamar yadda yake yi wa amalanke, don in an loda kaya ta daidaita. Da aka gama, in ka hango ta sai ka ce raƙumi ne ya durƙusa da ƙafafun gaba ya manta da na baya.

Abin dariya shi ne Kawu bai iya tuƙi ba. Ni na iya, don na daɗe ina bin masu jigilar albasa har suka fara sakar mini mota a fadama. Saboda haka shi ne mai mota, ni ne direba, kuma kullum muna faɗa a kan wanda ya fi wani.

Motar tana tafiya, ba a ce ba ta tafiya ba. Sai dai tana da hali. Kowace mota in ka karya kwana ka sassauta hannu, sitiyari yakan warware da kansa ya koma tsakiya. Tamu ba ruwanta. Inda ka bar shi nan zai tsaya, wani lokaci ma ya ƙara shigewa, sai ka jawo shi da ƙarfi kamar mai jan guga. A miƙaƙƙiyar hanya kuma sai ta riƙa leƙen gonakin mutane, hagu da dama. Kakata Inna Ige, mahaifiyar Kawu, ita ta raɗa mata suna. Ta ce, "Wagga ba mota ta ba, akuya ta. Inda tag ga dama nan taka zuwa." Kawu ya ce sabunta ce, za ta saba.

Ana cikin haka bayan an gama yankan gero sai saƙo ya zo daga wani ƙauye kusa da Tsibiri, can cikin Nijar. Yayar Inna, Iya Tumba, wadda aka kai aure can tun kafin a haifi Kawu, idonta ya tafi, jiki kuma ya yi nauyi. Ta ce a gaya wa Ige in tana son su sake jin muryar juna, to ta taho yanzu. Inna ba ta iya hawa babur saboda ciwon ƙugu, motar haya kuwa da ake danna mutane kamar buhuna, ƙugun ba zai kai ta ko Sabon Birni ba. Washegari ta kira ni.

"Maigida," haka take kirana, "akuyarku tana kai ni?"

Na ce, "Amarya, har Makka in kina so."

"Tsibiri ta ishe ni, maƙaryaci."

Da hantsi muka tashi. Kawu ya shimfiɗa wa Inna katifa a bencin tsakiya. Muna shirin fita sai ga Gwaggo Mariya, ƙanwar babana, wadda ta zo ganin gida za ta koma ɗakinta a Isa, ta ce mu rage mata hanya zuwa tashar Sabon Birni. Wanda bai san Gwaggo ba, to in ta shiga ɗaki sai haske ya fita ya ba ta wuri. Ga buhunan gero da aka ba ta, ga tulun man shanu. Da ta hau can baya ta zauna, motar ta yi wani nishi ta durƙusa, hancinta ya ɗago sama. Gwaggo ta ɗaga hannu ta jero addu'o'i, ta tofa gabas da yamma, ta tofa a ƙeyata.

Wallahi daga Tsamaye zuwa Sabon Birni ban taɓa tuƙa mota mai ladabi irin wannan ba. In na karya kwana na saki, sitiyari ya zame cikin tafina ya koma tsakiya kamar yaron da ya ji muryar ubansa. Kawu ya bubbuga allon gaba yana cewa, "Ban gaya muku ba? Ta saba!" Gwaggo ta ce daga baya, "Sabo na mi? Addu'a ta, Nomau. Ku ba ku san addu'a ba, sai walda."

A Sabon Birni kasuwa ta watse ta dawo kanmu. 'Yan kabu-kabu suka kewaye mu, wani ya ce a ina ake zuba mata dusa, wani ya leƙa ƙarƙashi ya ce yana neman shanun. Wata mai masa ta ba Inna masa da zafinta a ganye, ta ce sadaka ce, don duk tsohuwar da ta yarda ta shiga wannan abu tana bukatar alheri. Muka sauke Gwaggo da buhunanta a layin motocin Isa. Tana sauka bayan motar ya miƙe sama, na rantse na ji ta yi ajiyar zuciya.

Ba mu gama fita gari ba Akuya ta dawo da halinta. Hanyar arewa rairayi ce da sawun amalanke, ni da sitiyari muka shiga kokawa. Na kauce wa jaki, sitiyari ya ƙi dawowa, muka bi ta tsakiyar garken wani Bafillace. Shanu suka buɗe mana hanya cikin mutunci, shi kuwa ya jingina da sandarsa ya ce, "Kaɗo, in kiwo taka so ka bar min ita, baɗi da kaka ka zo ka amsa."

Kawu ya ce a tsaya a duba. Da farko ya ce iska ce ta yi kaɗan, muka buga wa tayoyin gaba famfon keke har hannuna ya mutu. Ba ita ba ce. Ya ce to tayoyin ne ba sa kallon wuri ɗaya. Ya kwance igiyar ƙunshin Inna, muka auna tsakanin tayoyin ta gaba, muka auna ta baya, kusan daidai suke, gaban ya ɗan fi matsewa kamar yadda ake so. Ya ce to wani abu ne ya cije. Muka ɗaga gaban da jak, na murza sitiyari da ɗan yatsa ɗaya, yana yawo lafiya lau. Duk da haka Kawu ya ɗura giris a ko'ina, har da wuraren da ba su roƙa ba. Muka tashi, ba abin da ya sake, sai dai yanzu tana kauce hanya cikin santsi.

Rana ta karkata muka iso iyaka. Ni da nake zaton zan ga katanga da ƙofa, sai na tarar da sanda a gicciye kan ganguna biyu, da wata babbar bedi, wato darbejiya, da jandarmomi a kan benci suna dafa shayi. Ɗaya ya ɗaga hannu ya nuna mini gefe. Na karya sitiyari zuwa inuwa, na zo in warware, ya ce bai san zancen ba. Na nemi birki, ƙafata ta zame a kan giris ɗin Kawu ta sauka a kan totur. Haka muka kewaye bedin nan. Mutane na cewa sau bakwai kamar ɗawafi, ni dai na san na ga fuskar mai riƙe da butar shayi fiye da sau ɗaya, kuma kowane gani tana ƙara nisa, don gudu yake. Da ƙyar na kashe inji.

Babbansu ya taso, wani ƙato mai tumbi, da tsagen Gobir a kumatu irin na Kawu sak. Ya zagaya motar a hankali, ya dubi Kawu.

"Kai kaƙ ƙera wagga?"

"Ni ne, ranka shi daɗe."

"Hannunka na da kyau. Amma ba ta hawa hanyarmu. Gaba akwai ƙauyuka, ɗiya na wasa bakin hanya. In ta tahi miƙe, ku wuce. In ba ta tahi miƙe ba, ku koma inda kunka hito."

Ba wanda ya iya cewa bai yi gaskiya ba. Kawu ya cire hula ya riƙe. Ni dai ina ta shirya wata magana ta ban dariya, sai na ga Inna ta sauko da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba sai an riƙe ta. Ta ɗora ƙunshinta a ka, ta ɗauki sandarta, ta nufi sandar iyaka tana ɗingishi.

"Inna, ina za ki?" in ji Kawu.

"Za ni wurin Tumba. Ku ku zamna ku yi ta shafa ma ƙarhe mai."

Ba ta yi nisa ba ƙugun ya tsayar da ita. Ta dafa ganga ta tsaya, ta ba mu baya. Dariyar da ke bakina ta gudu. 

Jandarman ya sa aka kawo mata kujera, ya ce ni kuma in janye motar daga hanya. Na sa ribas na fara ja da baya, tayoyin suna a karkace kamar yadda suka tsaya. Sai na ji sitiyari ya motsa a hannuna. Na saki. Ya warware sumul ya koma tsakiya. Na sake gwadawa ta ɗaya gefen, haka. Na ƙwala wa Kawu kira na ce ya zo ya ga iskanci, da baya tana da hankali, da gaba ne take hauka. Daga nan ne aka samo zancen cewa da baya muka shiga Nijar, kuma ba zan ɓoye ba, na ba da shawarar a yi hakan, aka ce in rufe baki.

Inna daga kan kujera, ba tare da ta dube mu ba, ta ce, "Da Mariya na ciki ai lahiya lau taka tahiya. Ko ku koma Isa ku ɗauko ta."

Kawu ya tsaya cak. Ya dubi bayan motar da ke sama, ya dubi hancinta da ke ƙasa. Ni kuma sai kekena ya faɗo mini a rai. Da can nakan saki hannu a kansa tun daga ƙofar gida har bakin rijiya, 'yan mata na kallo. Ranar da na yi karo da jakin Malam Hassan, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe ta koma ciki, daga ranar in na saki hannu sai ƙasa. Na faɗa musu. Jandarman ya ce a turo babur ɗinsa. Muka tsaya muna kallon ƙafarsa ta gaba: ba a tsaye take ba, kanta ya kwanta baya wajen mai tuƙi, gindinta ya miƙa gaba. Ya ce duk babur haka yake, bai taɓa tambayar dalili ba.

Kawu ya ɗaura dutse a igiyar Inna, ya durƙusa, ya saki dutsen kusa da babbar ƙusar da tayar gaba ke juyawa a kanta. Igiya ta tsaya tsaye, ƙusa kuwa kanta ya sunkuya gaba, kishiyar na babur. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya yi wata 'yar dariya. Ya ce shi da hannunsa ya tsayar da ƙusar nan tsaye cir da wannan dabara ta igiya da dutse, don a wurin maƙerin amalanke duk abin da ya karkata aibi ne. Daga baya ya ɗaga bayan motar don kaya, gaba ɗaya jikin ya tuntsura gaba, ƙusar ta bi shi. Amalanke bai damu ba, sa ne ke nuna masa hanya. Mota kuwa ba ta da sa.

"A samo min mutane masu nauyi," in ji Kawu.

Nan fa iyaka ta zama wasa. Muka ɗora wata mata mai buhun gujiya, da wani tsoho da ragonsa, da mai butar shayin da ya dawo daga gudu. Bayan ya ɗan sauka, ƙusa ta tsaya daidai da igiya, amma ba ta kwanta baya ba. Kowa ya juya ya dubi tumbin babban jandarma. Ya yi tsaki, ya miƙa wa yaronsa hula, ya hau. Mota ta yi irin nishin da ta yi wa Gwaggo. Kawu ya duba igiya ya ce, "Lawali, tahi!" Na ja, na karya kwana, na saki hannu, sitiyari ya dawo. Aka yi ta tafi, rago ma ya yi kuka.

Jandarman ya ce akwai maƙeri a ƙauyen gaba, shi ma can zai kwana, zai raka mu, amma kada kowa ya sauka. Aka ɗaga sanda. Haka Inna ta shiga Nijar da jandarma a bayanta yana riƙe da ƙahon rago.

Maƙerin sunansa Isuhu. Ya sauke mu a zaurensa, matansa suka ja Inna cikin gida suna ta "sannu da hanya, Iya," kamar sun shekara suna jiranta. Ni da na ƙetare ƙasa ina jiran in ga abin mamaki, sai aka kawo tuwon gero da miyar kuka, irin wanda na baro a gida, har ƙonon gindin tukunya iri ɗaya. Bambancin sai a burodi. Nasu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa kuma in aka buga wa mutum a ka sai an kai shi asibiti, amma cikinsa laushi. Shayinsu kuwa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar an dafa maɗaci. Na shanye na farko na yi godiya na miƙe, aka ce ina za ni, saura biyu. Mu a gida shayi abin karya kumallo ne, su a can aiki ne da ake zama a yi shi. Sitiyari ma ba su san shi da wannan suna ba, bolan suke cewa, har Isuhu ya ce watakila shi ya sa namu ya ƙi jin magana, ba a kira shi da sunansa.

Da safe Kawu da Isuhu suka zauna a maƙera kamar 'yan'uwan da suka daɗe ba su haɗu ba, ni ina zuga. Suka ɗauki ruwan tsohuwar galma suka raba biyu, suka buge kowane ya zama ɗan falle, baki siriri, gindi da ɗan kauri, suka huda tsakiya. Aka sassauta notunan da suka ɗaure sifirin a kan ƙarfen tayoyin gaba, aka zura fallen a tsakani, kaurin yana kallon baya, aka ɗaure tamau. Kawu ya saki igiya da dutse. Ba kowa a cikin mota, amma kan ƙusa ya kwanta baya kamar na babur. Na zagaya fili da ita, ina karya kwana ina ɗaga hannu sama, yara na bina da ihu. Isuhu ya ƙi karɓar komai, ya ce a dai gaishe masa da Tumba, ita ta yi wa uwarsa unguwar zoma lokacin haihuwarsa.

Kafin azahar muka isa. Iya Tumba na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, 'yar ƙarama kamar Inna, fuska ɗaya, tsage ɗaya. Na shirya ganin kuka. Inna ta tsaya a kanta ta ce, "Tumba." Tsohuwar ta ɗaga kai, ta lalubo hannun Inna, ta bi shi har kafaɗa, ta shafa fuskarta.

"Ige, kin tsuhwa."

"Ke da ba ki gani, wa yag gaya miki?"

"Hannuna. Kuma kin makara, tun jiya nika jin ƙamshin hurar da anka dama miki, na shanye."

Sai suka rungume juna suna dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ni da Kawu muka fita duba taya.

Mun yi kwanaki a can. Ana gobe za mu dawo, Iya Tumba ta ce a kai ta ta taɓa akuyar da ta kawo mata ƙanwa. Ta shafa ta tun daga fitila har baya, ta ce walda ta yi kyau amma bencin na makaranta ne, ba a ruɗinta. Sannan ta ce a zagaya da ita. Muka ɗora su su biyu a bencin tsakiya, Tumba a dama, Inna a hagu. Na bi da su ta bakin gulbi a hankali. Iya Tumba na faɗin sunan kowane wuri kafin mu kai, daga jin ƙasa a ƙarƙashin taya, Inna na gaya mata abin da ya sake: an sare tsamiyar nan, an yi masallaci a can. Ban taɓa tuƙi da natsuwa irin ta ran nan ba, kuma ko sau ɗaya motar ba ta leƙa gonar kowa ba.

Da ruwan farko na daminar da ta biyo baya aka aiko cewa Iya Tumba ta rasu. Hanyar arewa kuma yanzu ba a binta yadda ake so, kowa ya san dalili. Gwaggo Mariya har gobe tana gaya wa mutanen Isa cewa addu'arta ce ta gyara motar Nomau, kuma duk danginmu ba a sami jarumin da zai yi mata bayanin igiya da dutse ba.

Akuya tana nan ƙarƙashin darbejiyar gidan Kawu, muna ɗaukar gero da ita zuwa Sabon Birni ranar kasuwa. Sauran ranaku, da la'asar, Inna takan sa in ɗora ta a bencin tsakiya, ta zauna a hagu tana ɓarar gyaɗa. Rannan na zo zan zauna kusa da ita, a dama, sai ta ɗaga sanda.

"Koma gaba, maigida. Nan da mai shi."